Sankarar jini ta AML a jikin dattijo: wane haɗin magani za a zaɓa?

Idan gwajin ɓargo ya tabbatar da sankarar jini ta AML a jikin mutum mai shekara 35, ba a cika dogon tunani ba. Za a kwantar da shi, a ba shi kemo mai ƙarfi, a yi fatan jikinsa ya jure. Sai dai cutar ta fi kama tsofaffi. A Amurka, inda ake da cikakken lissafi, rabin masu ita sun kai shekara 68 ko sun haura lokacin da aka gano ta. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga zuciya ko ƙoda da ta fara gajiya. Irin wannan dattijo ko dattijuwa ne 'ya'ya ke rakawa wurin likitan jini, a jero musu sunayen magunguna huɗu ko biyar, a ce su je su yi shawara.

Cutar a ɓargo take. Ɗanyun ƙwayoyin da ba su gama nuna ba ne ke hayayyafa su cika shi, su hana shi fitar da jajayen ƙwayoyin jini, da fararen da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, da filatilet masu tsayar da zubar jini. Shi ya sa mutum ke yin fari fat, numfashi na gaza masa, zazzaɓi na yawan kama shi, dasashi na zubar da jini ko haɓo ya ƙi tsayawa. Idan ba a taɓa ta ba, makonni ne ko 'yan watanni. Kafin a shiga kowace shawara, a tabbatar ba nau'in da ake kira APL ba ne, domin shi maganinsa daban ne, wasu magunguna biyu masu suna ATRA da arsenic, kuma ana warkewa daga gare shi har a cikin tsofaffi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bai shafe shi ba.

Kemo mai ƙarfi shi ne wanda likitoci ke kira 7+3, wato kwana 7 ana ɗura cytarabine ta jijiya dare da rana, tare da daunorubicin a kwana 3 na farko. Tun 1973 aka fito da shi a Amurka, kuma har gobe shi ne hanyar da aka fi sani ta neman warkewa gaba ɗaya, musamman idan za a bi shi da dashen ɓargo. Kamar feshin ciyawa yake wanda ke kwantar da ciyawa da shuka tare, a jira shukar ta sake tsirowa. Jiran yakan kai mako 3 zuwa 4, mutum na kwance ba shi da garkuwa, ana ta ƙara masa jini da filatilet. Akwai mai shekara 65 da ke zuwa gona da ƙafarsa, zuciya lafiya ƙoda lafiya, wanda zai iya ɗauka, kuma bai kamata a hana shi don shekaru kawai ba. Amma manyan gwaje-gwajen da aka yi sun ɗauki wanda ya kai 75 a matsayin wanda ba zai iya ba, haka ma wanda bai kai ba amma zuciyarsa ba ta bugawa da ƙarfi, ko huhunsa ya raunana, ko ƙodarsa ta ja baya, ko ya zama rabin yininsa a kwance yake. Maganarmu a kan waɗannan take.

Shekaru da yawa abin da aka fi ba su azacitidine ne shi kaɗai, ko ɗan'uwansa decitabine. Azacitidine allura ce a ƙarƙashin fata ko ta jijiya, kwana 7 a kowane zagaye na kwana 28. Ba ya zubar da gashi sosai, ba ya buƙatar doguwar kwanciya, kuma yana ƙara wa mutum watanni. Aibinsa jinkiri: sai an yi zagaye 4 zuwa 6 kafin a iya cewa ya yi aiki ko bai yi ba, kuma waɗanda cutar ke lafa musu ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ƙwayar magani mai suna venetoclax. Ƙwayoyin sankara suna riƙe da wani sinadari mai suna BCL-2 da ke hana su mutuwa lokacin da ya kamata su mutu. Masu bincike a Melbourne ta Ostareliya ne suka gano aikin wannan sinadari a 1988, kuma venetoclax shi yake toshewa. An gwada shi tare da azacitidine a gwajin VIALE-A, wanda aka buga sakamakonsa a 2020: majinyata 431, tsakiyar shekarunsu 76. A cikin waɗanda aka ba haɗin, cutar ta lafa wa kashi 66 cikin ɗari, a waɗanda suka sami azacitidine kaɗai kuma kashi 28. Rabin masu haɗin sun wuce wata 14.7 a raye, rabin ɗaya ɓangaren kuma wata 9.6. Bayan shekara 2, kusan kashi 37 na masu haɗin suna nan, ɗaya ɓangaren kusan kashi 17. Kuma lafawar tana zuwa da wuri, yawanci a zagaye na farko ko na biyu. Wannan saurin yana da daraja a wurinmu fiye da yadda takarda ke nunawa, domin duk makon da ɓargo ya dawo aiki, mako ne da ba za a fita neman ledar jini ba. Kusan kashi 60 na masu haɗin sun kai matsayin da suka daina buƙatar ƙarin jini na wani lokaci, a ɗaya ɓangaren kashi 35.

A karanta waɗannan lambobi da idon basira. Wata 14.7 ba wa'adi ba ne da aka yanka wa kowa. Wasu sun tafi a watan farko, wasu sun shekara 3 suna zuwa asibiti da ƙafarsu. Rai na hannun Allah. Amma gaskiyar da ya kamata iyali su ji tun ranar farko ita ce, ga mafi yawan tsofaffi wannan haɗi yana kwantar da cutar ne, ba ya tumɓuke ta. Ana ci gaba da shi wata bayan wata muddin yana aiki kuma jiki na ɗauka. Wanda ya sayar da fili yana tsammanin zagaye 6 ne a gama, an zalunce shi idan ba a gaya masa haka ba.

Ana kiran wannan haɗi mai sauƙi, ni kuwa ba na son sunan, don yana yaudarar mutane. A VIALE-A, kashi 42 na masu haɗin sun yi zazzaɓi a lokacin da fararen ƙwayoyinsu suka faɗi ƙasa warwas, alhali a masu azacitidine kaɗai kashi 19 ne. Wannan fa a manyan asibitocin duniya ne, inda filatilet ke zuwa cikin sa'o'i. Watan farko da na biyu su ne masu haɗari. Ana farawa ne a hankali, miligiram 100 a rana ta farko, 200 a ta biyu, 400 daga ta uku, kuma ba a farawa sai an sauko da yawan fararen ƙwayoyi ƙasa da 25,000 a gwajin jini ta hanyar ba da hydroxyurea, maganin nan da masu sikila suka sani. Dalili shi ne idan ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa lokaci guda, abin da suka zubar cikin jini na iya toshe ƙoda ko ya rikita bugun zuciya. Don haka ake ba da ruwa da allopurinol, maganin da ke kare ƙoda, ana duba sinadaran jini kullum a kwanakin farko. Tsakanin rana ta 21 da ta 28 ana sake ɗibar ɓargo. Idan cutar ta lafa, sai a dakatar da maganin har jini ya farfaɗo, sannan a zagayen gaba a rage kwanakin venetoclax zuwa 21 ko 14, wasu cibiyoyin ma har 7. Wannan gwajin ɓargon yana da zafi kuma yana cin kuɗi, shi ya sa ake yawan son tsallake shi. Kada a tsallake. Idan jini ya ƙi tashi, ba yadda za a san ko cutar ce ba ta tafi ba ko maganin ne ya yi yawa sai da shi, kuma matakin da za a ɗauka a hali na farko kishiyar na biyu ne.

Akwai wani abu game da venetoclax da ya shafe mu kai tsaye. Hanta ce ke narkar da shi, kuma wasu magungunan suna sa ya taru a jini, wasu suna sa ya zube kafin ya yi aiki. Rifampicin na tarin fuka yana rage shi ƙwarai, haka carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya. Ritonavir da ke cikin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da clarithromycin, suna ninka shi. Ko ciprofloxacin da ake saye a kemis ba tare da takarda ba yana ƙara masa ƙarfi. Duk abin da Baba ko Inna ke sha, har jiƙo da garin gargajiya, a zuba a leda a kai wa likita ya gani. Wannan halin nasa yana da wani amfani kuma. Magungunan kariya daga cututtukan naman gwari (fungus) irin su posaconazole da voriconazole suna ɗaga shi sosai, har sai an rage shi daga miligiram 400 zuwa 100 ko ƙasa da haka. A Ingila lokacin korona haka aka riƙa bayar da shi. Ga iyalin da ke biya daga aljihu, wannan na iya rage yawan ƙwayoyin da za a saya ƙwarai, ko da yake shi ma posaconazole ba arha gare shi ba. Lissafin likita ne da mai haɗa magani, ba abin da za a yi a gida ba.

Haɗi na biyu, bayan na azacitidine da venetoclax, shi ne venetoclax tare da cytarabine kaɗan-kaɗan, allura a ƙarƙashin fata kwana 10 a wata. An gwada shi a VIALE-C, majinyata 211. Cutar ta lafa wa kashi 48, a masu cytarabine kaɗai kashi 13. Tsawon rai a lissafin farko wata 7.2 ne a kan 4.1, bambancin da bai kai mizanin da masu gwajin suka sa ba, sai da aka ƙara bibiya ya zama 8.4. A takarda ya gaza haɗin azacitidine, amma ba adalci ba ne a jera lambobin kai tsaye, domin VIALE-C ya karɓi waɗanda suka riga suka sha azacitidine ko decitabine saboda wata cutar ɓargo kafin ta rikiɗe ta zama AML, su kuwa an san cutarsu ta fi taurin kai. Cytarabine tsohon magani ne, ya fi arha, ya fi samuwa. Ina ganin wurinsa biyu ne: wanda azacitidine ya riga ya gaza masa, da inda azacitidine ba ya samuwa a kai a kai. Masu canjin ƙwayar halitta ta NPM1, wato wani canji a cikin ƙwayoyin sankarar da ake ganowa da gwaji, su ma suna amsa shi da kyau.

Na uku ya fi su ban sha'awa, amma na mutane ƙalilan ne. Kusan kashi 6 zuwa 10 na masu AML suna da canji a ƙwayar halitta mai suna IDH1, kuma akwai ƙwayar magani mai suna ivosidenib da aka yi domin su. A gwajin AGILE na 2022, majinyata 146, rabin waɗanda suka haɗa shi da azacitidine sun wuce wata 24, masu azacitidine kaɗai wata 7.9. Da aka ci gaba da bibiya adadin ya kai wata 29.3. Abin da ya fi burge ni ba ma wannan ba ne. Ivosidenib yana tura ɗanyun ƙwayoyin ne su nuna, don haka fararen ƙwayoyi kan tashi da wuri, kuma masu shan sa sun fi ƙarancin kamuwa da cututtuka a kan masu azacitidine kaɗai, kashi 28 a kan 49. Ga tsohon da ake tsoron zazzaɓi ya ɗauke shi, wannan babban abu ne. Yana da nasa haɗarin. Kusan kashi 14 sun sami wata matsala ta kumburi da sarƙewar numfashi da zazzaɓi yayin da ƙwayoyin ke nuna, wadda ake magancewa da dexamethasone idan an gane ta da wuri. Yana kuma taɓa tsarin bugun zuciya, don haka ana yawan yin gwajin zuciya, ana kuma kaffa-kaffa da magunguna irin su kwinin. Ba a taɓa kammala babban gwajin da ya kara shi da haɗin venetoclax fuska da fuska ba, kuma masu IDH1 suna amsa venetoclax ɗin ma sosai. Idan an tabbatar da IDH1 kuma maganin zai samu ba yankewa, shi zan fifita. Amma yana da tsada matuƙa, kuma samunsa a Afirka ta Yamma wahala ne. Wanda bai same shi ba ya koma haɗin venetoclax, bai yi asara mai yawa ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Glasdegib tare da cytarabine ya sami amincewa a Amurka a 2018, amma waɗanda cutar ta lafa musu gaba ɗaya kashi 17 ne kawai, kuma venetoclax ya rufe shi. Gilteritinib tare da azacitidine ga masu canjin FLT3 ya ƙara yawan lafawa a gwajin LACEWING amma bai ƙara tsawon rai ba. Haɗa magani uku lokaci guda har yanzu aikin cibiyoyin bincike ne, kuma yana ƙara danne ɓargo.

Duk wannan ya nuna darajar gwajin ƙwayoyin halitta. Da aka sake nazarin majinyatan da suka sha azacitidine da venetoclax, an ga sun rabu gida uku. Waɗanda ba su da canji a TP53 ko FLT3-ITD ko NRAS ko KRAS, rabinsu sun wuce wata 26. Masu FLT3-ITD ko NRAS ko KRAS, kusan wata 12. Masu TP53, wata 5 da rabi, kusan daidai da abin da azacitidine kaɗai ke ba su. Ku dubi wannan na ƙarshe da kyau. Idan TP53 ne, ƙara venetoclax na iya kawo lafawa ta ɗan lokaci, amma yana kawo kwanciya da zazzaɓi da kashe kuɗi ba tare da ƙarin watanni na a zo a gani ba. Sau da yawa sai an tura samfurin waje, Indiya ko Afirka ta Kudu ko Turai, kuma sakamako na ɗaukar kwanaki. Kuɗinsa bai kai na zagaye ɗaya na magani ba, kuma shi ne zai gaya muku ko za ku zuba dukiya a inda ake sa ran shekara 2 ne ko inda ake sa ran wata 5. Idan majinyaci bai galabaita ba, ana iya riƙe shi da hydroxyurea da ƙarin jini a jira sakamakon.

To, ga wanda ke Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Yamai, tambayar da ta fi sunan magani nauyi ita ce, me ke tsaye bayan maganin? Manyan asibitocin koyarwa suna da likitocin jini, kuma wurinsu ya kamata a je. A tambaye su kai tsaye: idan filatilet ya faɗi da daddare, a ina za a samo, cikin sa'a nawa? Mutum nawa a dangi da abokan arziki za su iya ba da jini, ba sau ɗaya ba, a kai a kai har wata 2? Idan zazzaɓi ya tashi, za a iya isa asibiti a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda? Wannan ta ƙarshe ita ce ke kashe mutane. Mun saba duk zazzaɓi maleriya ne, a sha magani a jira kwana 3. Ga wanda ke kan venetoclax, zafin jiki da ya kai digiri 38 gaggawa ce, ko da ƙarfe 2 na dare ne. A gwada maleriya, amma kada a jira sakamakonta kafin a fara maganin jijiya. Iyalin da ke zaune tafiyar sa'a 4 daga asibiti su nemi masauki kusa, aƙalla na zagaye biyu na farko. A kuma yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara, tunda yana da yawa a yankinmu kuma kemo na iya tayar da shi.

Kuɗi kuma a lissafa shi na wata 6 aƙalla. Azacitidine yana zuwa a kwalbar miligiram 100, kuma matsakaicin mutum na buƙatar fiye da kwalba ɗaya a rana, wato kusan kwalba 14 a zagaye. Akwai na kamfanonin Indiya da suka fi arha. A saya ta hannun asibiti ko dillalin da aka sani, a duba rajistar NAFDAC, domin magungunan sankara na jabu suna yawo. Masu tafiya Masar ko Indiya su tuna cewa maganin ba ya ƙarewa a can. Kafin a hau jirgi, a san likitan da zai karɓi majinyaci a gida da inda ƙwayoyin wata na gaba za su fito.

Idan aka auna duka, ga yadda nake gani. Dattijon da har yanzu ke zuwa masallaci da kansa, ko dattijuwar da ke hidimar gidanta, ga asibiti kusa ga masu ba da jini, azacitidine da venetoclax ne zaɓin farko, sai in an sami IDH1 da halin sayen ivosidenib. Wanda jikinsa ya fi rauni, ko yake nesa, ko filatilet ba shi da tabbas, ko aka sami TP53, azacitidine kaɗai zaɓi ne mai mutunci, ba gazawa ba ce. Akwai kuma wanda ya riga ya kwanta, ba ya iya tashi, ko wanda ya ji bayani ya ce shi a bar shi a ɗakinsa. Shi ma akwai abin yi masa: ƙarin jini idan numfashi ya gaza, hydroxyurea don danne yawan ƙwayoyi, maganin zafi, maganin tsayar da jini, maganin zazzaɓi. Kulawa ce cikakkiya, kuma likitoci sun san ta.

Mun saba ɓoye wa iyaye sunan cutarsu don tausayi. Amma shi Baba ne za a soka wa allurar ɓargo, ita Inna ce za ta kwana a gadon asibiti. Wata tana son ta kai auren jikarta nan da wata 8 kuma za ta jure komai don haka, wani kuwa abin da yake so shi ne ya raba abin da zai raba, ya nemi yafiya, ya zauna cikin iyalinsa. Ba za a sani ba sai an tambaye su. Kuma duk haɗin da aka zaɓa, a yi yarjejeniya da likita tun farko kan lokacin da za a zauna a sake duba lamarin: bayan zagaye 2 idan da venetoclax ne, bayan 4 zuwa 6 idan azacitidine ne kaɗai ko tare da ivosidenib. A ranar, sakamakon ɓargo da yawan ledojin jinin da aka ƙara da yadda majinyaci ke ci da tafiya su ne za su nuna ko a ci gaba, ko a sauya, ko a tsaya.